Dekin filazata ya ƙi daina yoyo: TPO, PVC ko EPDM, wanne zan shimfiɗa?

Tambaya: Injiniya, ina da filaza mai hawa biyu a Kano, rufinta dekin ne na kankare. Duk damina sai ya yi yoyo, an sha zuba masa kwalta amma abin sai ƙaruwa yake, har silin wani shago ya rufto kan kayan ɗan haya. A hawa na sama akwai gidan abinci, bututun hayaƙin kicin ɗinsu a kan rufin yake fitowa. An ba ni shawarar shimfiɗar roba mai falle ɗaya, wani ya ce TPO, wani PVC, wani EPDM. Akwai kuma wanda ya ce zai shimfiɗa min PVC a kan tsohuwar kwaltar cikin kwana biyu, ba sai an kankare komai ba, kuma kuɗinsa ya fi sauƙi. 'Yan haya sun fara maganar tashi. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, Allah ya kiyaye gaba, Allah ya mayar wa ɗan hayar da alheri. Tun kafin mu shiga zaɓi, kada ka ba mai aikin kwana biyun nan ko sisi. Zan dawo kansa.

A cikin ukun, EPDM ce tsohuwar hannu, tun shekarun 1960 ake rufi da ita. Roba ce ta gaske, tana jure rana da daɗewa, amma galibinta baƙa ce, kuma baƙin rufi a watan Afrilu a Kano yana iya haura digiri 70 na zafi, hawa na sama ya koma wurin da ba a zama sai da na'urar sanyaya ɗaki. Ba a narka ta a haɗe, da gam da tef ake haɗa bakin falle da falle, kuma mai da maiƙo suna kumbura ta. Da kicin a ƙarƙashinka, cire ta daga lissafi. TPO fara ce, tana mayar da hasken rana, yawanci ta fi PVC arha, kuma da iska mai zafi ake narka bakinta ya haɗe ya zama abu ɗaya. Ga sito ko babban shago da babu kicin, ita nake fara ambata, sai dai ingancinta ya bambanta ƙwarai daga kamfani zuwa kamfani. PVC ita ma fara ce, ita ma narkawa ake yi, amma ta fi sauran jure maiƙon girki, kuma ba ta saurin cin wuta. Saboda bututun hayaƙin nan, rufinka na PVC ne, mai kaurin milimita 1.5 da zaren poliyesta a tsakiyarta. Mai 1.2 tana nan a kasuwa, amma rufin filaza ba ya rabuwa da masu hawa gyaran tanki da sola da dish, ba zan ba ka ita ba. Ka nemi takardar bayanin kayan daga kamfanin da ya yi su, ka ga lambar ma'aunin inganci ta ASTM D4434 ko EN 13956 a jiki. Idan mai sayarwa ya kasa kawo takardar, ka bar masa kayansa.

To, yanzu ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Kusan duk rufin da aka kira ni dubawa, maganar ɗaya ce: a lulluɓe kawai, ai sabuwar za ta rufe tsohuwar. Wannan tunani ya lalata gine-gine da yawa, kuma masu yaɗa shi ba su taɓa karanta ko shafin farko na takardar kayan da suke shimfiɗawa ba.

PVC da kwalta ba sa ga maciji. Abin da ke sa PVC laushi wani sinadari ne da aka cuɗa a cikinta, kuma idan ta kwanta kai tsaye a kan kwalta, sinadarin nan zai riƙa fita yana shiga kwaltar, zafin rana na ƙara masa sauri. Da farko za ka ga tabo ruwan ƙasa ya huda farin, daga baya shimfiɗar ta ƙanƙance, ta sandare, ta fara tsagewa a kusurwoyi da gefen bututu. Shekarar farko ba za ka ga komai ba, shi ya sa mai aikin yake samun damar karɓar kuɗinsa har ma da godiya. Kamfanonin da ke yin PVC sun rubuta wannan ƙarara, kuma ba sa ba da garanti ga aikin da aka yi haka. Ko an kankare kwaltar, sauranta na nan a jikin kankare, don haka dole a sa shimfiɗar raba tsakani, irin bargon zaren roba da kamfanin ya amince da shi. Haka ma farin soson nan na kare zafi da ake kira polistirin, shi ma PVC ba ta taɓa shi kai tsaye.

Wannan ma ƙaramar matsalar ce. Dekin da ya yi shekaru yana yoyo a jiƙe yake, akwai ruwa tsakanin kwalta da siminti, akwai a cikin kankaren kansa. Ka kawo roba wadda ruwa ba ya ratsawa ka rufe, ka kulle ruwan ke nan, kamar wanda ya naɗe gyambo bai wanke ba. Rana ta buga, ruwan ya zama tururi, ya tayar da shimfiɗar ta yi bororo. Wanda ya rasa hanyar sama kuma ya zauna a jikin rodi. Rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya fasa kankaren da ke kewaye da shi, shi ne kake ganin siminti na ɓarewa daga ƙasan dekin, ƙarfe ya fito ja. A wannan matakin maganar ta wuce yoyo, ta koma ta ƙarfin ginin da mutane ke zaune a ƙarƙashinsa suna neman abincinsu. Tunda silin ya riga ya rufto a wurinka, ka sa a buɗe shi, injiniyan gini ya duba ƙasan dekin da idonsa kafin a sayi ko mita ɗaya ta roba.

Kuma yawancin irin wannan yoyon asalinsa rashin gangare ne. Ruwa mai zurfin santimita 1 a kan murabba'in mita ɗaya kilo 10 ne. Idan ya taru santimita 5 a kan murabba'in mita 100, tan 5 ke kwance a kanka, banda tankunan ruwa da tulin kwaltar da aka yi ta laftawa. Duk rufin da ruwa ke kwana biyu a kansa bayan an ɗauke ruwan sama, gangarensa ko magudanarsa na da matsala, kuma babu robar da za ta gyara wannan. Sai an sake zuba siminti da gangare na kusan santimita 2 a kowace mita zuwa bakin indararo, an kuma ƙara mafitar ruwa ta ko-ta-kwana don ranar da leda ta toshe ta farko.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne mai zuwa da tukunyar gas da wutar hura kwalta ya ce zai liƙe PVC ko TPO da ita. Harshen wuta ƙona su yake yi. Injin iska mai zafi ake amfani da shi, faɗin haɗin ya kai kusan santimita 4, bayan ya huce a bi shi da tsinken ƙarfe ana neman inda bai kama ba. Ka tambayi duk mai neman aikin ya nuna maka injinsa, ya haɗa falle biyu a gabanka, a yanka a ja. Idan haɗin ya ɓare salin alin, aikin banza ne. Nagari sai dai robar ta yage zaren ciki ya bayyana. Daga baya ma, in shimfiɗar ta huje, da irin robarta ake facinta. Ba a shafa mata kwalta, kuma TPO ba ta haɗuwa da PVC ko da injin ne.

Aikin na rani ne, daga Nuwamba zuwa Maris. A kankare kwalta, a gyara gangare, a bar dekin ya bushe sosai. Don tabbatarwa, a liƙa farar leda a kansa ta kowane gefe a bar ta ta kwana, in an ga raɓa a ƙasanta da safe, da sauran jira. A ɗaga shimfiɗar ta hau katangar gefe aƙalla santimita 15, a danne bakinta da ƙarfe, domin guguwar farkon damina daga gefe da kusurwa take fara ɗaga rufi. Tankuna da ƙafafun sola su zauna a kan matashi, a sa tiren tarar maiƙo a gindin bututun kicin. Kafin ka biya kason ƙarshe, a toshe magudanai a tara ruwa na awa 24, gwargwadon zurfin da injiniyan ginin ya yarda da shi, ku shiga shagunan ku duba.

Idan damina ta riga ta kama ka, a share magudanai, a buɗe wa ruwan hanya, a yi facin wucin gadi a inda ya fi tsanani, sannan ka kira 'yan haya ka faɗa musu watan da za a fara aikin.