An ba ni kimiyyar motsa jiki a jami'a, wane aiki zan yi da ita?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Fisiyo na nema, wato gashin ƙashi, amma da sunaye suka fito sai na ga an tura ni sashen kimiyyar motsa jiki da ilimin kiwon lafiya, wanda aka fi sani da PHE. Mahaifina ya ce ba zai biya kuɗin shekara huɗu don in koyi guje-guje da tsalle-tsalle ba. In karɓa ne ko in jira JAMB ta baɗi? Kuma idan na gama, zan iya aiki a asibiti kamar ɗan fisiyo?

Amsa: Ɗana, bari in fara da tambayarka ta biyu, domin a nan ɗalibai da yawa ke yaudarar kansu. Digirin kimiyyar motsa jiki ba zai mayar da kai ɗan fisiyo ba. A Najeriya hukumar MRTB ce ke yi wa masu gashin ƙashi rajista, kuma sai wanda ya karanta fisiyo ɗin kansa, aƙalla shekara biyar, sannan ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Duk wanda ya ce maka ai duk ɗaya ne, bai san zancen ba.

Amma shi ma Baba, Allah ya ƙara masa lafiya, filin ƙwallo kawai ya hango. Ana fita fili kam, za ka yi gudu, za ka yi gumi. Sai dai yawancin karatun a aji yake: sassan jikin ɗan Adam, ƙashi da tsoka da jijiya, yadda zuciya da huhu ke aiki idan jiki ya ɗauki wahala, abincin da ya dace da ɗan wasa, halayyar 'yan wasa, agajin gaggawa, da lissafin awo. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, har ma da Ibadan, sashen na da daɗewa, kuma ana yin digiri na biyu da na uku a cikinsa. Shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta JAMB, uku ga mai NCE.

Ga abin da nake nufi da kimiyya. Dattijo ɗan shekara 50 ya zo maka, likita ya ce ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini. Mai horarwa na unguwa zai ce masa ya zagaya fili sau goma. Kai kuwa za ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ka ƙirga bugun zuciya na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Ka san cewa idan aka cire shekarunsa daga 220, ƙololuwar bugun da zuciyarsa za ta kai wajen 170 ne a minti guda, don haka za ka riƙe bugun tsakanin 85 da 119, wato kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na 170, tafiya ce mai sauri wadda zai iya magana yana yinta. Za ka tambaye shi maganin da yake sha, domin wasu magungunan hawan jini na rage bugun zuciya, su ɓata wannan lissafi. Za ka kuma hana shi riƙe numfashi in yana ɗaga ƙarfe. Wannan sanin shi ne abin da za ka sayar.

Maganar aiki kuwa, gaskiyarta ita ce koyarwa ce ta fi ɗaukar waɗanda suka gama, a sakandare da kwalejojin ilimi, bayan rajista da TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista. Albashin ka san yadda yake. Akwai soja da 'yan sanda da sauran masu kaki, inda horar da jiki wani ɓangare ne na aiki. Akwai ma'aikatun wasanni na jihohi, da ƙungiyoyi irin su Kano Pillars da Katsina United da El-Kanemi, amma guraben kaɗan ne, kuma digiri kaɗai ba ya shigar da mutum. Mai son zama koci yakan ƙara da kwas a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, da lasisin CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka.

Inda ni nake ganin kasuwa ita ce wuraren motsa jiki da ke ta buɗewa a Kano da Kaduna da Abuja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, ga ciwon suga da hawan jini sun yi yawa, ga masu kuɗin da likita ya tsoratar suna neman wanda zai kula da su. Da ƙanwarka ce ta yi tambayar nan ma da na fi ƙarfafa mata gwiwa, don matan aure da yawa ba za su yarda namiji ya horar da su ba, kuma mata masu takardar wannan fanni ba su da yawa.

To, ka karɓa ko ka jira? Idan abin da ke ranka shi ne ka tsaya kan mai shanyewar ɓarin jiki har ya sake takawa, sake JAMB, asarar shekara ɗaya ta fi shekara huɗu cikin ƙunci. Kada ka shiga da niyyar za ka sauya kwas bayan aji ɗaya, domin guraben fisiyo ƙalilan ne. Idan kuwa kana son wasanni kuma darasin Bayoloji bai taɓa gundurarka ba, karɓi abinka. Je sashen ka karɓo jerin darussan shekara huɗun, ka zauna da Baba bayan sallar isha'i ku duba tare, kafin ranar rufe rajista ta zo.