Kafin ka sayi agogon motsa jiki, fara duba wayarka da batir

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimci tambayarka, ka fara tattaki da safe kana ɗan haɗawa da sassarfa, kana son abin da zai riƙa ƙirga maka taku da bugun zuciya, amma ka rasa wanne za ka ɗauka tsakanin babban agogon nan mai faffaɗan sikirin da ɗan siririn nan na ɗaurawa a hannu. To ni dai na jima ina ɗaura su, na riƙe siririn na riƙe babban, bari in faɗa maka abin da na gani.

In tattaki ne da ɗan gudu-gudu kawai, siririn ya ishe ka wallahi. Irin su Xiaomi Smart Band, Huawei Band, Fitbit Inspire, Amazfit Band, duk aikinsu kusan ɗaya ne, su ƙirga taku su auna bugun zuciya su faɗa maka awa nawa ka yi barci, in an kira ka ko saƙo ya shigo su ɗan girgiza maka hannu. Kuma abin da ya sa nake fifita su ga wanda ya fara ba komai ba ne illa batir. Sai ka yi sati ɗaya har ka doshi biyu ba ka nemi caja ba. Babban agogo irin Apple Watch ko Galaxy Watch kuwa kusan kullum sai ya sha caji, in ya yi ƙoƙari ya kai kwana biyu, Apple ma da kansu sun yi shekara da shekaru suna rubuta awa 18 a kan na gama-garin nasu. Mutane na raina wannan maganar har sai sun saya. Ka cire da daddare ka jona, da safe kana sauri ka fita ka bar shi a jikin caja, yau ka manta gobe ka manta, kafin ka ankara agogon ya koma durowa. Kuma fa in da daddare kake caji to batun auna barci babu shi kenan.

Amma kafin ma batir, wace waya ce a hannunka? Ba ka faɗa ba, kuma nan ne ake yawan yin asara. Apple Watch ba ya aiki sai da iPhone, babu wata dabara. Galaxy Watch tun daga na 4 zuwa sama da Android kawai yake tafiya, haka Pixel Watch. Garmin, Amazfit, Fitbit da Xiaomi su suna shiga duka biyun. Sannan ka sauke manhajar agogon a wayarka tun kafin ka saya ka leƙa ka gani, Zepp ta Amazfit, Mi Fitness ta Xiaomi, Garmin Connect, Huawei Health, don rabin amfanin abin a cikin manhajar yake, in ba ta yi maka daɗin dubawa ba ba za ka riƙa buɗe ta ba. Ka kuma lura wasu kamfanonin suna ɓoye wasu bayanan sai ka yi rajistar biya duk wata, Fitbit na da irin wannan tsarin, Whoop kuwa ma ba sikirin gare shi ba kuma gaba ɗayansa a kan biyan kuɗin rajista yake tafiya.

Sai GPS, wato abin da ke bin sawun inda kake ta tauraron ɗan Adam ya auna nisan da ka yi. Nan ne kawai zan ce maka ka ƙara kuɗi in da hali, shi ma in kana son fita gudu ba tare da waya ba. Yawancin siraran ba su da GPS na kansu, na wayarka suke ara ta blutut, wato in ka bar waya a gida sai dai su yi kirdadon nisan daga yawan takunka. In kai mai sa waya a aljihu ne ko yaya, to babu ruwanka da wannan. In kuwa gudun ya shige ka har ka fara son sanin minti nawa kake cin kilomita ɗaya, ka fara tunanin kilomita 5 ko 10, to a nan irin su Garmin Forerunner ko Coros Pace suka fi, don gudu aka yi su, suna da maɓallai na dannawa wanda in hannunka ya jiƙe da gumi ka fi jin daɗinsu a kan shafa sikirin, batirinsu kuma na haura sati. Sai dai ka sani GPS na cin batir sosai a kowane agogo.

Yanzu ga inda na fi son ka natsu, wato lambobin da abin zai riƙa nuna maka, don wasu sun mai da su kamar sakamakon asibiti. Taku da motsin hannu yake gane shi, akwai wata 'yar na'ura a ciki mai jin girgiza. Shi ya sa in kana wanki ko kana magana kana yarfa hannu sai ya ƙirga maka taku kana zaune, in kuma kana tura keken yaro ko ka riƙe ƙarfen injin tafiya a jim hannun bai motsi sai ya cinye maka takun da ka yi. Agogo biyu a hannu biyu ba za su ba ka lamba ɗaya ba, kar ma ka wahalar da kanka. Abin da ke da amfani shi ne ka kwatanta na wannan satin da na wancan satin a agogo ɗaya. Taku 10,000 ɗin nan ma da kowa ke bi ba daga likita ya samo asali ba, wani kamfanin Japan ne mai suna Yamasa ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965 ya tallata ta da wannan adadin, sai ya bi duniya. Ba laifi ba ne a matsayin buri, amma in kana 4,000 ka koma 7,000 ka yi babban aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da minti take lissafi, minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a sati ga baligi, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da kwana biyu na abin da zai ƙarfafa tsoka. Ni a agogona shafin mintocin nan nake dubawa fiye da na taku.

Bugun zuciya kuwa, koren hasken nan da kake gani yana ƙyafta a bayan agogon shi ke aikin. Jini na shanye koren haske, to duk bugu ɗaya jinin da ke ƙarƙashin fata na ƙaruwa ya ragu, daga canjin hasken da ke dawowa yake lissafi. Kana zaune ko kana tafiya a tsanake yana ƙoƙari sosai. Amma in ka tashi da gudu farat ɗaya, ko kana ɗaga ƙarfe kana lanƙwasa tsintsiyar hannu, sai ya yi jinkiri ko ya ba ka shirme. Ka ɗaure shi sama kaɗan da ƙashin tsintsiyar hannu, kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, ya kama amma kar ya matse har ya bar shaida. In wata rana kana son sahihin bugu akwai bel na ƙirji irin Polar H10, shi siginar lantarkin zuciya yake ɗauka kai tsaye, amma kai yanzu ba ka kai nan ba.

Kalori kam, wato lissafin ƙarfin da jikinka ya ƙona, kar ka yarda da shi. A 2017 masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada na'urori 7 a jikin mutum 60, bugun zuciya yawancinsu sun yi kusa da daidai, amma a kalori wanda ya fi kowa ƙoƙari ya kauce da kusan kashi 27 cikin ɗari, na ƙarshe da kashi 93. An samu ci gaba tun lokacin amma har yanzu ƙiyasi ne daga shekarunka da nauyinka da bugunka. In rage ƙiba kake so kar ka ce agogo ya ce na ƙona 600 bari in rama a faranti.

Ka kuma guji waɗannan marasa suna da ake tallatawa wai suna auna suga da hawan jini da komai da komai. Na taɓa ganin irinsa an ajiye shi a kan tebur ba a hannun kowa ba yana ta nuna bugun zuciya abinsa. Batun suga musamman, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a watan Fabrairun 2024 cewa kar a dogara da agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba. Hawan jini ma na Samsung sai ka riƙa saita shi da na'urar awo ta gaske duk sati huɗu. In kana da ɗaya daga cikin cututtukan nan ka riƙe na'urar da likita ya sani.

Ruwa: ka nemi wanda aka rubuta 5 ATM, shi za ka iya wanka da ruwan sanyi har iyo da shi. IP67 ko IP68 na ƙura ne da gumi da yayyafi da wanke hannu, ban ba ka shawarar shiga iyo da shi ba. Ruwan zafi da sabulu kuma suna lalata robar da ke toshe kafofin ko da wane iri ne.

Wani ƙaramin abu da ba a faɗa a talla, madaurin. Na roba in gumi ya taru a ƙarƙashi yana sa ƙaiƙayi har da ƙananan ƙuraje, sai ka riƙa cire shi bayan atisaye ka ɗauraye ka bari hannun ya bushe, wani lokacin ka mai da shi ɗaya hannun. Ka zaɓi wanda ake iya canza masa madauri kuma ake samun cajarsa cikin sauƙi, don kusan kowanne da irin tasa cajar kuma ita ke fara ɓata. Sikirin ma ka gwada shi a cikin rana in ka samu dama, kuma in ka kunna tsarin nan da ke barin sa a kunne kullum to ka sa a ranka kwanakin batirin za su ragu sosai.

Ka faɗo min wayar da kake riƙe da ita da kuma ko kana fita da ita in za ka gudu, sai in ce maka ga guda biyu ka zaɓi ɗaya.