Yaron da ya suma yana cikin gudu, kada a ce rana ce kawai

Hajiya, kin ce ɗanki mai shekara 16 ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar ƙwallo, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, kina tambaya ko sai an kai shi gwajin zuciya tunda yanzu garau yake. Ki kai shi. Kuma kada ya sake shiga fili sai likita ya yarda.

Na daɗe ina horar da yara a filin unguwarmu a nan Katsina, na ga suma iri-iri. Wanda ya tsaya cikin rana bai karya kumallo ba, jiri ya ɗebe shi, wannan da sauƙi. Wanda ya faɗi yana cikin gudu, babu wanda ya taɓa shi, shi ne abin tsoro. Akwai wani ɗan gaba da nake ji da shi, sau biyu yana faɗuwa haka. Muka ce zafin bazara ne, wasu suka ce iska ce. Sai da kawunsa ya kafe aka kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya, aka yi masa ECG, wato gwajin bugun zuciya da na'ura, sannan aka ɗauki hoton zuciyar. Ashe naman zuciyarsa ya yi kauri fiye da ƙima, ciwon da ake gado, wanda ke samun kusan mutum 1 cikin 500. Ranar ban iya cin abinci ba, domin ni ne nake sa shi zagaye fili kullum da yamma. Yau yana nan da ransa, alhamdulillahi, ƙwallon ce dai ya haƙura da ita.

Gwajin ba allura, ba ciwo. Wayoyi ne ake manna masa a ƙirji, cikin 'yan mintuna an gama. Amma kafin ku je, ki zauna da mahaifinsa ku tuna: a dangi akwai matashin da ya kwanta bai tashi ba, ko ya faɗi ya rasu ba tare da jinya ba? Yaron yana kukan ciwon ƙirji ko bugun zuciya da ƙarfi in ya yi gudu? Yana ƙarami ya sha fama da ciwon maƙogwaro da kumburin gaɓoɓi? Wannan na ƙarshen yakan lalata ƙofofin zuciya, kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ki faɗa wa likita duka.

In yaron ya ce za a raba shi da ƙwallo, ki ba shi labarin Kanu. A 1996, bayan ya ci zinare a gasar Olympics ta Atlanta, gwajin Inter Milan ya gano matsala a zuciyarsa, aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya buga wa Arsenal. Okwaraji kuwa, ɗan wasan Najeriya, a filin Legas ya faɗi a 1989, bai tashi ba.

Sannan ki roƙi kocinsu ya koyi danna ƙirji. In yaro ya faɗi ba ya numfashi, ba ruwa yake bukata ba. A danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa har a kai asibiti. Allah ya ba shi lafiya. Ki sanar da mu abin da likita ya ce.