Sanya Windows da filashi a matsayin sana'a: jari, kuɗin aiki da wuraren da ake tafka asara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon sayar da kayan waya da na kwamfuta, su caja, maus, filashi da makamantansu. Kusan kullum sai wani ya shigo da laftof yana tambaya ko ina yin fomatin, ni kuma sai in tura shi wani wuri. Na iya sanya Windows da filashi, don na yi wa tawa sau biyu. Ina so in mayar da abin sana'a. Wane jari nake buƙata, yaya zan yanka kuɗin aiki, kuma me zan kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tunda kwastomomin da ƙafarsu suke zuwa, ka riga ka samu abin da ya fi wuya a kowace sabuwar sana'a. Jarin ma ba shi da yawa. Amma yi wa kwamfutarka daban, yi wa ta wani daban. Taka ka san abin da ke cikinta. Ta kwastoma kuwa tana zuwa da takardun da ba shi da kwafinsu a ko'ina, da lasisin da bai san yana da shi ba, wani lokacin ma da faifan ajiya da ke dab da mutuwa. A kan waɗannan ukun za a biya ka, kuma a kansu za a kama ka idan abu ya lalace. Danna maɓallan sanya manhajar shi ne mafi sauƙi a cikin aikin.

Mu fara da kaya. Ka ware filashi uku na aiki zalla, kada ka riƙa ba da aronsu ko kwafe wa mutane fayil da su. Biyu masu gigabait 16 don Windows (Microsoft na neman aƙalla 8, amma wurin yana matsewa), ɗaya mai 64 ko 128 don sauran kayan gwaji. Duk su zama USB 3.0. A takarda USB 2.0 na tafiyar megabit 480 a daƙiƙa, USB 3.0 kuma gigabit 5, kuma za ka ga bambancin a agogo. Tunda kai ma filashi kake sayarwa, ka san akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi. Ka gwada naka da manhajar H2testw, wadda ke cika filashin da bayanai sannan ta karanta ta ga ko sun dawo daidai. Filashin jabu yakan kai ka tsakiyar aiki, bayan ka riga ka goge faifan kwastoma, sannan ya ce wani fayil ya lalace.

Sai faifan waje mai terabait ɗaya don ajiye bayanan kwastomomi, da ƙaramin akwatin da ake sa faifan SATA ko NVMe a jona shi ta USB, da adaftar USB zuwa wayar intanet, da adaftar USB-C saboda siraran laftof na yanzu. Idan wuta na yawan ɗaukewa a wurinka, ka ƙara da na'urar riƙe wuta, don kwamfutar tebur da laftof mai mataccen batir ba sa jure yankewar wuta a tsakiyar aiki. Faifan wajen ne zai ɗauki kaso mafi tsoka na jarin, kuma shi ne wanda ba zan yarda ka tsallake ba.

Wajen haɗa filashin, ka sauke fayil ɗin ISO, wato fayil guda da ke ɗauke da dukan kayan sanya Windows, daga shafin Microsoft kaɗai. Waɗanda ake yawo da su da sunan "an rage masa nauyi" ba ka san abin da aka cire ko aka cusa a ciki ba. Hanya mafi sauƙi ita ce Media Creation Tool, wadda ke saukewa ta kuma rubuta da kanta. Mai sana'a kuwa ya fi buƙatar Rufus, manhajar rubuta ISO a kan filashi, don yana ba ka zaɓin tsarin yanka faifai da na tada kwamfuta: GPT da UEFI ga kwamfutocin zamani, MBR da BIOS ga tsofaffi. Kada ka kwafa fayilolin da hannu zuwa filashi mai tsarin FAT32. Wannan tsarin ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4, kuma install.wim, babban fayil ɗin sanya Windows 11, ya wuce haka. Rufus ya san yadda zai kauce wa wannan. Ka tuna yana share duk abin da ke kan filashin kafin ya rubuta, don haka ka zare faifan wajenka tukuna, kada hannu ya zaɓi wanda ba shi ba. A kan babban filashin ka sa Ventoy, wanda ake sawa sau ɗaya sannan ka riƙa jefa fayilolin ISO ciki: Linux Mint (manhajar tafiyar da kwamfuta ta kyauta, madadin Windows), kayan gwajin RAM da sauransu. Idan Secure Boot, saitin da ke hana kwamfuta tashi da manhajar da ba a amince da ita ba, na kunne, karon farko zai nemi ka shigar da makullinsa a kwamfutar.

Yanzu ga inda nake so ka fi mai da hankali, wato abin da za ka yi kafin ka soka filashi.

Ka buga takardar karɓar kaya mai kwafi biyu. A rubuta samfurin kwamfutar da lambarta, da abin da aka kawo tare da ita, da duk lahanin da ake gani, kamar tsagewar allo ko maɓallin da ba ya aiki. A kunna ta a gaban mai ita. Sannan layi mafi muhimmanci: a ajiye bayanai ko a goge? Ya zaɓa ya sa hannu. Mutum zai ce maka "ba komai a ciki, goge kawai", bayan kwana uku ya dawo neman takardar da ke kan allon gaba. Ka tambaye shi ɗaya bayan ɗaya: hotuna, takardu, abin da ya sauke daga intanet, kalmomin sirrin da ke ajiye a burauza, da manhajar lissafin shago idan yana da ita.

Na biyu, lafiyar faifai. Da yawa daga masu cewa kwamfuta ta yi nauyi, faifansu ne ya gaji. Buɗe CrystalDiskInfo, minti biyu ya isa. Idan ta nuna launin rawaya ko ja, ka tsaya ka kira mai ita. In ka sa sabuwar Windows a kan faifan da ke mutuwa, za ta yi lafiya na 'yan kwanaki ta koma gidan jiya, kuma kai za a ce ka ɓata. Haka idan tana yawan mutuwa da shuɗin allo, ka gwada RAM da MemTest86 tukuna.

Na uku, BitLocker, tsarin kulle faifai na Windows. Kwamfutoci da yawa na zuwa da faifansu a kulle ba tare da mai su ya sani ba, musamman tun fitowar Windows 11 sigar 24H2, wadda ke kulle faifai da kanta idan aka shiga da asusun Microsoft. Idan Windows ɗin ba ta tashi, ba za ka iya kwaso komai ba sai da makullin ceto mai lamba 48, wanda galibi ke ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar. Taɓa saitin Secure Boot ko TPM (guntun tsaro da ke ajiye makullai a cikin kwamfutar) ma yana iya sa ta nemi wannan lambar. Ka sa ya nemo ta tun yana tsaye a gabanka. In kwamfutar ta ma'aikata ce ko ta makaranta, makullin na hannunsu, kuma shawarata kada ka karɓi irin wannan sai da izini a rubuce. Haka wanda ya kawo laftof bai san kalmar sirrinta ba, yana kuma gaggawar a goge, ka nemi shaidar saye.

Na huɗu, ka duba wace Windows ce a kai, Home ko Pro. Tun zamanin Windows 8 a 2012, kamfanonin ƙera kwamfuta ke dasa lambar lasisi a cikin babban allon da ke cikin na'urar (motherboard). Idan ka mayar da irin wadda ta zo da ita, da ta hau intanet za ta kunna lasisinta da kanta ba tare da an biya komai ba. Idan ka ɗora Pro a kan mai lasisin Home don burgewa, ka jawo wa kwastoma sayen abin da ba ya buƙata. In Windows ɗin na tashi, ka kwashe direbobinta, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta aiki, da umarnin pnputil /export-driver * sannan sunan foldar da kake so a faifan waje. Wannan zai cece ka ranar da sabuwar Windows ba ta ga Wi-Fi ba alhali tana neman intanet kafin ta ƙarasa. In ba ta tashi, ka tada kwamfutar da Linux Mint daga filashi ba tare da ka sanya shi ba, ka kwashe fayilolin ta nan. Bayan kwafa, ka buɗe wasu daga ciki ka tabbatar suna buɗewa.

Sanyawar kanta gajera ce. Soka filashi, kunna, danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo da Acer, Esc a yawancin laftof na Asus. Zaɓi sunan filashin mai UEFI a gabansa. A shafin zaɓen faifai, ka goge sassan faifan da za ka sa wa Windows, ka bar ta ta yanka da kanta. Idan faifai biyu ne a ciki, ka duba girmansu sau biyu, ko ma ka cire na biyun gaba ɗaya. Matsaloli uku za ka fi haɗuwa da su. Idan ta ce ba za ta hau faifan ba don MBR ne, ka tashi ta UEFI ne alhali faifan na tsohon tsari. Shift da F10 zai buɗe baƙin allo, inda umarnin diskpart da clean da convert gpt za su gyara, amma clean na shafe faifan kakaf, har da sashen da mutane ke ajiye kayansu. Idan ba ta ga faifai ko ɗaya ba, galibi laftof ce mai Intel ƙarni na 11 zuwa sama, kuma direban Intel RST take nema. Ka ajiye shi a filashi tun da wuri. Idan kuma bayan ta sake tashi ta dawo da kai farkon shafi, daga filashin ta sake tashi, sai ka zare shi.

Maganar Windows ta sata: kada ka fara. Manhajojin fasa lasisi na neman a kashe kariyar kwamfuta kafin su yi aiki, kuma ta wannan ƙofar ake shigo da masu satar kalmar sirri. Ranar da aka kwashe wa kwastoma kuɗi a asusu, shagonka zai tuna. Wanda ba shi da lasisi, ka faɗa masa kuɗin na gaske daban da ladan aikinka.

Akwai kuma kasuwar da ke buɗe yanzu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 na buƙatar TPM 2.0, RAM gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64, da Intel ƙarni na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama a mafi yawan lokuta. Rufus na iya tsallake binciken TPM, amma Microsoft ba ta ba da tabbacin ci gaba da sabunta irin wannan kwamfutar ba, don haka ka rubuta shi a takarda idan kwastoma ya nace. Wanda aikinsa burauza da rubutu ne kawai, Linux Mint ko Ubuntu LTS mai tallafin shekara biyar za su ishe shi, kuma kyauta ne. Sai dai ka tambaye shi tukuna ko akwai manhajar da ba ta aiki sai a Windows.

Kuɗin aiki kuwa, kada ka kwafi na maƙwabci ka rage kaɗan. Haɗa kason hayar da teburin gyara ya ci, da wuta, da data, da abin da za ka ware don sauya filashi da faifai, ka raba da awannin da kake sa ran yin aikin a wata. Abin da ya fito shi ne kuɗin awa ɗaya kafin ladanka. Sai ka yanka farashi uku: sanyawa zalla da direbobi da sabuntawa, sanyawa tare da kwashe bayanai da mayar da su, sai na uku mai haɗe da sauya faifai. Na biyun ka ɗaure shi da yawan bayanai, don lokaci yake ci. Gigabait 200 a gudun megabait 30 a daƙiƙa zai ɗauki kusan awa biyu, a gudun 100 kuma minti 33, sannan ka sake mayarwa. Duba lafiyar kwamfuta ma ka sa masa ɗan kuɗi, wanda za ka cire daga jimla idan aka ba ka aikin.

Yawancin lokacin aikin jira ne, saboda haka tebur mai ɗaukar kwamfuta uku ya fi tebur mai ɗaukar ɗaya riba nesa ba kusa ba, kuma kana iya ci gaba da cinikin shago. Amma a ganina babbar ribarka na wurin SSD, faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa. Tsohuwar laftof mai faifan juyawa idan ta samu SSD, mai ita zai ga canjin tun daga kunnawa, kuma ka ci riba biyu, ta kaya da ta aiki. Ka fara da ajiye guda biyu ko uku masu gigabait 256 da 512, kada ka daskarar da jari a kan kayan da farashinsu ke hawa da sauka.

A bayan takardar ka rubuta iyakar garantinka, misali kwana bakwai a kan direbobi da kunnuwar lasisi, ban da lalacewar na'ura ko abin da mai ita ya sauke da kansa. Ka rubuta kuma kwana nawa kwafin bayanansa zai zauna a faifanka, misali 14. Kowane kwastoma da foldarsa mai lambar takardarsa, yaron shago ba ya buɗe ta, kuma ranar da wa'adin ya cika ka goge ta ka sa alama a kwafin takardar da ke hannunka.