Shin shugaban ƙasa ubangidan gwamnoni ne?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce tunda shugaban ƙasa ne a sama, me zai hana shi tuɓe gwamnan da ya ƙi yi wa jama'a aiki. Ai gwamna ba yaron shugaban ƙasa ba ne, kuma nan ne tushen tsarin tarayya yake. Kowannensu daga kundin tsarin mulki ya samo ikonsa, ba ɗaya ne ya ara wa ɗaya ba. Sashe na 188 na kundin 1999 majalisar dokokin jiha ya ba wa ikon tsige gwamna. Za ka ce ai Obasanjo ya dakatar da Dariye a Filato a 2004, Tinubu ma ya dakatar da Fubara a Ribas a 2025. Haka ne, amma ta ƙofar dokar ta-ɓaci suka bi, kuma lauyoyi sun sha ja-in-ja a kai. Jonathan ya sa dokar a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, bai taɓa kujerar gwamna ko ɗaya ba.

Kundin ya raba aiki. A 1999 ya zo da jerin abubuwa 68 da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, irin su soja, 'yan sanda, kwastan, buga kuɗi, ma'adinai da hulɗa da ƙasashen waje. Akwai jeri na biyu da ita da jihohi suke tarayya a kai, sai dai idan dokokinsu suka yi karo, ta Abuja ce ke tsayawa. Abin da ba a ambata ba ya zama na jiha. A 2023 an mayar da jiragen ƙasa da gidajen yari jeri na biyu, kuma gyara irin wannan ba ya yiwuwa sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. Majalisar tarayya kanta an gina ta ne don kada babba ya danne ƙarami. Kano tana da 'yan majalisar wakilai 24, Bayelsa 5, amma a dattawa kowacce sanata uku take da su.

Wannan duk a takarda ne. Abin da na gani a shekarun da na yi a baitulmalin wata ƙaramar hukuma shi ne, iko yana bin asusu. Ana raba kuɗin tarayya duk wata, Abuja ta ɗauki kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. To namu kason ba ya zuwa hannunmu, sai ya faɗa asusun haɗin gwiwa da ke babban birnin jiha. Na ga ciyaman ɗauke da fayil yana zaman benci a ƙofar ofishin kwamishina tun hantsi har la'asar, yana neman a sa masa hannu ya gyara kwalbatin da ruwa ya cinye. Mutumin da jama'a suka zaɓa ke nan fa! Kotun ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, amma hukunci daban, aiwatarwa daban.

Gwamnonin da ke yi wa ciyamomi haka su ma ana yi musu. Ana kiran gwamna shugaban tsaron jiharsa, alhali sashe na 215 ya ba kwamishinan 'yan sanda damar ya ce sai ya ji ta bakin Abuja kafin ya bi umarninsa. A zamanin jihar Arewa kuwa en'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, tana da 'yan dokarta da kotunanta da gidan yarinta. Mulkin soja ne ya tattara iko wuri ɗaya, jihohi suka ƙaru daga 12 a 1967 zuwa 36 a 1996, mafi yawansu ba sa iya biyan albashi sai an aiko daga Abuja.

Don haka idan gwamnanku ya gaza, ɗan majalisar jiharku za ku tsare da tambaya, shi ne wuƙar take hannunsa.