Amsa ga mai tambaya a kan kwabon jan ƙarfe da ya tsinta a akwatin kakarsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kwabo ne mai huji, ya suɗe har rubutun ya kusa ɓacewa, kuma wani ya ce maka zai kai miliyan. Kafin komai, don Allah kar ka wanke shi.

Ni wannan kuskuren na tafka. Da Hajiya kakata ta rasu a Tudun Wada, mun sami kwabbai cikin wani tsohon gwangwanin madara, ta ƙulle su a tsumma. Na zauna da lemon tsami da toka na dirje su har suna ɗaukar ido, ina ganin na yi gwaninta. Mutumin da na kai wa, dattijo ne mai tara tsofaffin kuɗi, ya ɗora ɗaya a tafin hannu, ya leƙa da ɗan gilashin nan na masu gyaran agogo, ya girgiza kai ya ce na kashe su. Ashe wannan duhu-duhun da shekaru suka shafa wa ƙarfen, shi suke biya. Ko tayawa bai yi ba.

Ka fita rana ka karkata shi ka karanta shekara. Idan an rubuta British West Africa, kuɗin Turawa ne da aka fara bugawa a 1907, su anini da kwabo, sai ɗari, wato rabin kwabo, ya biyo baya a 1911. Na farkon farare ne, jajayen kwabban sai daga 1952. Idan Federation of Nigeria ka gani da 1959, da tauraro mai tsini shida, to shi ne wanda iyayenmu suka yi ta kashewa har naira ta shigo a Janairun 1973. An buga shi da yawan gaske, kusan kowane tsohon gida akwai shi, shi ya sa kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, balle wanda ya suɗe. A na Turawan ka duba ko akwai ƙaramin harafi, H ko KN, alamar ma'aikatar da ta buga shi a Birmingham ta Ingila. Shekara da harafin nan su ke raba na banza da wanda ake nema. Masu sunan Sarkin Ingila Edward na takwas, 1936, mutane na zuzuta su don sarkin bai cika shekara a kan gado ba, amma su ma ba wuyar samu gare su ba.

Ka shiga Numista, shafin intanet na masu tara kuɗi, ka nemo irinsa, sannan a kasuwar intanet ta eBay ka duba farashin waɗanda aka riga aka sayar. Abin da mai kaya ya rubuta buri ne kawai, kowa na iya sa wa akuyarsa kuɗin raƙumi.

Wajen sayarwa, kar ka nufi Panteka ko 'yan jari-bola, su a sikeli za su ɗora shi a matsayin ƙarfe. Masu tsofaffin kayan tarihi da masu tarawa a Facebook sun fi, kuma ka nuna wa mutum biyu ko uku kafin ka sallama. Ka ɗauki hoton gaba da baya a hasken rana, ka riƙe shi ta gefe, ka ajiye a takarda busasshiya. Idan kana da su da yawa, haɗa su ka sayar gaba ɗaya ya fi sauƙi a kan ɗai-ɗai.

Shi kuwa mai maganar miliyan, ka jira ka ji. In ya ce akwai sinadarin makuri a ciki, ko Bature na jira a otal amma sai ka biya kuɗin gwaji, ka ce masa ya kawo kuɗin ya ɗauki kwabon. Nawa dai suna nan cikin gwangwanin Hajiya, yarana na wasa da su suna mamakin kuɗi mai huji.