Kafin ka ci bashin injin CNC, ƙirga faya-fayanka

Wani kafinta ya rubuto daga Jidda: "Ina da ƙaramar warsha, muna yin tebura masu zagaye na gidajen shayi. Aiki ba ya yankewa, amma wata ya ƙare ban ga kuɗi ba. Ɗan yayata ke yanka saman tebur da injin zarto mai bel, yana bin layin fensir da hannu. Ina so in ci bashi in sayi injin CNC. Me ka gani?"

Malam, ka faɗi komai game da injin da kake mafarki, wanda kwamfuta ke sarrafa yankansa, amma ba ka faɗi faifai (saman tebur mai zagaye) nawa ke fita daga kowane fallen katako ba. Ina zaton ba ka sani ba, kuma ta nan kuɗinka ke zurarewa.

Fallen da kake saya santimita 122 ne a faɗi, 244 a tsawo. In faɗin faifan 60 ne, takwas za su fito. Ko an yanka da kyau, wajen kashi 21 cikin 100 na katakon kusurwoyi ne da za a yar. Wannan hasarar ba makawa. To amma in mai gidan shayi ya ce a ƙara masa zuwa 65, biyu ba za su ƙara jeruwa a faɗi ba, sai an sarƙa su, kuma shida kawai za ka samu. A ce falle riyal 120 ne: faifai ya tashi daga riyal 15 ya koma 20, kai kuwa na tabbata ka ce masa "ba komai, ai santi biyar ne". Sa wanda yaro ya kauce layi ya lalata, da awannin da ake ci ana goge baki da samfefa, da harajin kashi 15 da ka biya wajen sayen kaya. Ina ka rubuta waɗannan?

Yankan hannu kuwa, maganinsa guntun allo da ƙusa ɗaya. A ɗaure allon a kan teburin injin, a kafa ƙusa gefe da zarto, tazararta rabin faɗin faifan da ake so. Ƙusar ta yi daidai da bakin haƙoran zarto, don in ta yi gaba ko baya yankan zai riƙa karkata, farko da ƙarshe su ƙi haɗuwa. A huda ɗan rami a ƙarƙashin katakon, a zaunar da shi kan ƙusa, a juya a hankali. Faifai na ɗari zai fito kamar na farko. A sa zarto siriri mai kaifi; dakusasshe ko da allon sai ya bauɗe. Aikin da kake so ka ci wa bashi ke nan.

Na san wani a Makka da ya hango kitse a rogo irin naka. Ya sayi injin, sannan ya gane sai ya ɗauki mai iya zane a kwamfuta, ga kuɗin wuta, ga wuƙaƙe masu karyewa, ga bashi kowane wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Farashinsa na nan yadda yake, domin shi ma bai taɓa ƙirgawa ba. Injin ya dai hanzarta masa faɗuwa. A Harajin Sawarih, kasuwar gwanjo ta Jidda, aka rabu da shi, kuɗin bai ko rufe bashin ba.

Ɗan yayarka ban ce ɓarawo ba ne, amma don ɗan gida ne ba ka taɓa tambayarsa lissafi ba. Rataye littafi jikin injin: falle nawa ya shiga yau, faifai nawa ya fita, nawa ya lalace, shi ya sa hannu. In yayarka ta kira tana cewa ka takura wa ɗanta, ce mata kai ma kana sa hannu a shafin.

Yi wata uku a haka, ka tsayar da girma biyu ko uku waɗanda falle ke ɗauka, duk mai son wani girma ya biya bambancin. Sannan ka aiko mini da shafukan mu duba.